Wa Ke Koya wa Ƙananan 'Ya'yanmu Waƙa?

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikilisiya, masu bishara da shugabannin Zumuntar Mata na yankin Bagudo. Nassoshin da aka karanta: Maimaitawar Shari'a 31:19-22 da Matiyu 21:14-16.)

  

Da aka ji kan maganar da zan yi yau, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Fasto, ga maganar tsaro, ga rufin majami'a yana yoyo, ga mai bishara wata uku ba a biya shi ba, sai waƙar yara za mu zauna a kai?" Na ce masa, "Baba, gaskiyarka, duka waɗannan suna nan. Amma ka ba ni ɗan lokaci. In na gama ba ka gamsu ba, laifina ne."

Abin da na gani a bayan majami'a

Wata Lahadi na ziyarci ɗaya daga cikin ƙananan ikilisiyoyinmu na ƙauye. Ba ni ne mai wa'azi ba, don haka ana tsakiyar sujada na fita na zaga baya. A gindin bishiya na iske an shimfiɗa tabarma, an tara yara ƙanana, daga masu rarrafe da masu tatata har zuwa 'yan shekara uku da huɗu. Mai lura da su yarinya ce da ba ta fi shekara goma sha biyu ba. An ba ta wayar hannu domin yaran su yi shiru. Shiru kuwa sun yi. Kowa ya zuba wa wayar ido, wata waƙar fim tana tashi. Sai wani ɗan yaro da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba ya kama amshin waƙar tiryan-tiryan, kalmomin kuwa ba zan iya maimaita su a gabanku ba.

Ban yi wa yarinyar faɗa ba, domin ba ta da laifi. Abin da aka ba ta, da shi ta yi aiki. Laifin namu ne, mu da muke ciki muna raira waƙa daga Littafin Waƙoƙi, muka bar bakin 'ya'yanmu ga wanda ya ga dama.

Abin kuma bai tsaya ga Lahadi ba. Tun da aka ƙarfafa noman shinkafar rani a jihar Kebbi daga 2015, ni dai a ganina aikin fadama ba ya yankewa kamar dā. Uwa tana shuka, ko tana turara shinkafa, ko tana kasuwa, ko tana gyaran kifi. Wasu ikilisiyoyinmu sun buɗe ɗakin reno ko ajin rabin rana domin a taimaka, wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Tambayata ita ce, a cikin waɗannan sa'o'i, me ke shiga kunnen yaron?

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Mu koma ga nassin farko. Musa yana dab da mutuwa, Isra'ilawa suna bakin shiga ƙasar alkawari. Allah ya riga ya san za su ci su ƙoshi su juya masa baya. Dokoki an rubuta, firistoci suna nan, akwatin alkawari yana nan. Duk da haka ya umarci Musa ya rubuta waƙa ya koya wa jama'a har ta zauna a bakinsu. Dalilin yana aya ta 21: zuriyarsu ba za su manta da ita ba, za ta zama shaida a kansu ranar wahala. Waƙar ce ta cika sura ta 32. Littafi yakan ɓata, malami yakan mutu, amma abin da ya kama baki tun ƙuruciya da wuya ya fita.

A nassi na biyu, Yesu yana cikin Haikali, yara suna ɗaga murya suna yabonsa. Manyan firistoci da malaman Attaura suka ji haushi. Yesu bai hana yaran ba. Ya tuna wa manyan Zabura 8:2, wadda ta nuna Allah yana karɓar yabo daga bakin yara da masu shan mama. A Markus 10:13-16 kuwa almajirai ne da kansu suka tsawata wa masu kawo yara, Ubangiji kuma ya ji haushin almajiran. Dattawa, mu lura da wannan. Waɗanda suka kori yaran ba maƙiya ba ne, shugabanni ne masu ganin akwai aikin da ya fi muhimmanci.

Bulus ya ce Timoti ya san Littattafai masu tsarki tun yana jariri (2 Timoti 3:15), ya kuma ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (1:5). Jariri ba ya karatu. Ta kunne abin ya shiga, daga bakin mata biyu a cikin gida. Shi Bulus ɗin, da aka jefa su kurkuku a Filibi shi da Sila, bayan duka, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suka yi ta waƙar yabo (Ayyukan Manzanni 16:25). Babu fitila, babu littafi. Abin da ke cikin kai da zuciya shi ya fito.

Mu da muke 'yan kaɗan a inda muke, wannan magana tamu ce. Akwai ƙauyukan da fasto sai ya yi wata bai je ba. Akwai iyalan da ambaliya ko tsoro ya sa suka bar gida ba su ɗauki ko littafi ɗaya ba. Yaranmu za su tafi makaranta ko neman kuɗi inda babu majami'a kusa. Guzurin da ba a ƙwacewa a hanya shi ne wanda aka zuba musu a baki tun suna goye.

Abin da ke faruwa a kunnen yaro

Wani zai ce, ɗan shekara biyu me ya sani? Masu bincike sun tabbatar da abin da kakanninmu suka sani tun dā. Jariri yana ji tun yana ciki, a watannin ƙarshe. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Spence, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun sa mata masu ciki su riƙa karanta labari guda da murya a makonni shida na ƙarshe. Bayan haihuwa, ta yadda jariran ke tsotso aka gane sun fi son jin wancan labari a kan wani sabo. Ba ma'anar suka gane ba, tashi da faɗuwar muryar suka riƙe. An kuma gano cewa kafin yaro ya cika shekara guda kunnensa ya fara karkata ga sautukan harshen da yake ji kullum.

Waƙa tana taimakon yaro domin tana jan kalma a hankali, tana maimaita ta, tana ba ta kari. Yaron da bai iya haɗa jimla ba yakan iya cike kalmar ƙarshe ta baiti in ka tsaya ka jira shi. Ku gwada yau da dare za ku gani. Ma'ana tana zuwa daga baya, kamar irin da aka binne kafin ruwa ya sauka.

Amma sai da mutum. Yaro yana kallon bakin mai waƙa, yana jin hannunta a bayansa, yana gwaranci ana amsa masa. Waya ba ta jiran yaro, ba ta kiran sunansa, ba ta sanin ya gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Da wane harshe?

Mu mutanen bakin iyaka ne. A cikin wannan ɗaki akwai mai jin Hausa, Busanci, Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci, ga kuma waɗanda aiki ya kawo su daga Zuru da Yawuri da kudu, kowa da nasa. 'Yan'uwanmu na tsallake, a ƙasar Benin, da Faransanci suke karatu, mu da Turanci. Na ga ɗakin reno inda duk waƙoƙin na Turanci ne, ita kanta mai koyarwar ba ta san ma'anarsu ba, amma iyaye suna murna wai yaro ya fara jin Turanci. Turanci zai same shi a firamare, ba zai tsere masa ba. Harshen uwarsa kuwa, in bai same shi yanzu ba, ba lallai ya same shi ba har abada.

Misali yana ƙofarmu. Kyangawa tsofaffin mazauna wannan ƙasa ne, amma yau mafi yawansu Hausa suke yi, wasu Dandanci ko Zabarmanci, ƙauyuka kaɗan ne suka rage inda ake jin Kyanganci. Harshe ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana fara mutuwa ranar da uwa ta daina yi wa ɗanta tawai da shi.

Muna godiya ga Allah domin Hausa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta, ita ce ta haɗa mu a sujada. Amma ranar Fentikos kowa da harshen da aka haife shi a ciki ya ji ayyukan Allah. A Segbana, nan tsallaken Tsamiya, wani ɗan mishan na SIM daga ƙasar Ostareliya, Ross Jones, ya shafe shekaru yana aiki tare da mutanen wurin har aka fassara Littafi Mai Tsarki cikin harshen Boko, ɗan'uwan Busancin da ake ji a wajen Illo. In ikilisiyoyin can suna da waƙoƙin da yaranmu za su ji, mene ne zai hana mu aika mata biyu su koyo? Ga inda waya take da amfani: a ɗauko waƙar, mai reno ta koya, sa'an nan ta ajiye wayar ta raira da bakinta.

Akwai kuma maganar karin sauti. Harsunanmu suna bambanta kalma da hawa da saukar murya. Kuka na hawaye daban, kuka ta miya daban. In aka ɗora kalmominmu a kan muryar waƙar Turawa, wani lokaci kalmar takan karkace, babba ya gane, yaro ya ruɗe. Waƙoƙin da iyayenmu na Zumunta suke shiryawa da kansu, da tulu da caki, suna bin maganarmu yadda take. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Iyayenmu mata, baiwar nan da kuke nunawa a babban taro, muna roƙo ku sauko da ita kan tabarmar yara.

Wace irin waƙa?

Waƙa tana dasa ƙarya da ƙarfin da take dasa gaskiya. A tarihin ikilisiya mun karanta labarin Ariyus na Iskandariya a Masar, wanda ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne. An ce ya sa koyarwarsa cikin waƙoƙi domin matuƙan jirgi da matafiya da masu niƙa. Majalisar Nikiya ta ƙi koyarwar a shekara ta 325, amma rigimar ta daɗe bayan haka. A ɗaya gefen kuma, Isaac Watts na Ingila, babban marubucin waƙoƙin sujada, bai ga ya fi ƙarfin yara ba, a 1715 ya buga littafin waƙoƙi dominsu kaɗai.

Saboda haka ga ma'auni huɗu.

Na ɗaya, ta faɗi gaskiya guda ɗaya tak: Allah ne ya yi ni, Yesu yana ƙaunata, Allah yana ji in na yi addu'a, mu gode domin abinci. Ɗan shekara biyu ba ya ɗaukar baiti biyar.

Na biyu, ta zama gajera, mai amshi, kamar waƙar gaɗa. Babba ya bayar, yara su amsa da kalma biyu ko uku.

Na uku, kada ta zama ta tsoratarwa. Waƙar wuta da hukunci ba ta mai tatata ba ce. Haka waƙoƙin da suke roƙon mutuwa ko masifa a kan maƙiyi. Ubangijinmu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, ba za mu shayar da jarirai tsinuwa ba.

Na huɗu, kada ta yi ba'a ga wata kabila ko wani addini. Abin da yaro ya raira a gindin bishiyarmu, gobe zai raira shi a bakin rijiya.

Ba kuma dole kowace waƙa ta zama ta sujada ba. Waƙar wanke hannu kafin cin abinci, waƙar ƙirga yatsu, waƙar sunayen kifi da tsuntsaye, waƙar gaida kaka, duka suna da wuri. Allah ne ya yi hannun da kifin.

Yadda ake yi

Mai reno ta zauna ƙasa, fuskarta daidai da tasu. Kada ta tsaya a kansu da tsumagiya. Minti goma ya isa, in sun fara watsewa a bar su. Gara a yi sau uku gajeru a yini da a yi doguwa sau ɗaya.

A riƙe waƙa uku ko huɗu har wata guda ba a canja ba. Babba ne yake gajiya da maimaici, yaro daɗinsa yake ji. A sa wa kowane lokaci waƙarsa: ta isowa wadda za a kira sunan kowane yaro a ciki, ta kafin abinci, ta kwanciya, ta sallama. Yaron da ke kukan rabuwa da uwarsa yakan natsu in ya san abin da zai biyo baya.

A haɗa da jiki: tafi, nuna sama, taɓa kunne, taka ƙafa. A raira a hankali fiye da yadda muke yi a majami'a. Wanda ya yi shiru yana kallo kada a tilasta masa, yana koyo, wata rana a gida za a ji shi. Ba a dukan yaro domin waƙa, ba a yi masa dariya in ya karkata kalma.

Kayan kiɗa ba sai an saya ba. Ƙwarya da tafin hannu sun isa. In za a yi kacau-kacau da gora ko gwangwani, a liƙe bakin sosai, domin tsakuwa ko ƙwayar masara tana iya shaƙe yaro. Ina kuma roƙon matasanmu masu kula da na'ura: kada a zaunar da masu goyo kusa da lasifika. Ƙara mai tsanani tana lalata ji, kuma jin da ya lalace ta haka ba ya dawowa.

Kada wata ta ce ba ta da murya. Yaro bai san wata murya da ta fi ta mai riƙe da shi ba.

'Ya'yan maƙwabta

A wasu ɗakunan renonmu maƙwabtanmu Musulmi suna kawo 'ya'yansu. Amana ce suka ba mu. Mu faɗa musu tun ranar farko irin waƙoƙin da muke yi, kada mu ɓoye kome. In uba ya ce ɗansa ya yi ta ƙirga da ta wanke hannu amma ban da ta sujada, mu girmama maganarsa. Bishara ba ta bukatar wayo, kuma zaman lafiyar da muke da shi da maƙwabta ya fi tsada da a yi wasa da shi.

Mu kuma ɗauki darasi daga gare su. Ku saurari makarantar allo da ta Islamiyya da yamma, da rerawa ƙananan suke haddacewa. A ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta koyar da matan ƙauyuka ta hannun jajis na 'Yan Taru. Sun san darajar abin da aka sa a baki tun da wuri. Kada a same mu muna barci.

Abin da nake roƙo

Ga dattawa: ku sa ɗakin reno cikin ajandar majalisarku kamar yadda kuke sa rufi da baiko. Ku naɗa manyan mata biyu masu hankali a kowace Lahadi, a riƙa karɓa-karɓa domin kada kowa ta rasa sujada kullum. A daina barin aikin ga yarinya ita kaɗai. Dattijo guda ya riƙa leƙawa, ya zauna a tabarmar ya yi tafi tare da su. Girmansa ba zai ragu ba.

Ga Zumuntar Mata: kafin taronmu na gaba, kowace ikilisiya ta tattara waƙoƙin yara goma, aƙalla uku cikin harshen gida. Ku je wurin tsofaffi ku karɓi na bakinsu tun suna da rai. A rubuta, fasto ya duba kalmomin, mu haɗa su mu rarraba.

Ga iyaye maza: waƙar yara ba ta mata kaɗai ba ce. A addu'ar iyali da dare, a fara da waƙar ƙaramin cikin gida kafin barci ya ɗauke shi.

Ga mu fastoci: mu ba yaran minti biyar a gaban jama'a sau ɗaya a wata, mu kuma riƙa faɗa wa iyaye waƙar watan domin a ci gaba da ita a gida.

Shekarun baya na je yi wa wata tsohuwa addu'a a ciwonta na ƙarshe. Ta daina gane 'ya'yanta, ni ma ba ta gane ni ba. Na karanta nassi, ba ta motsa ba. Sai 'yarta ta fara wata ƙaramar waƙa da yarensu, irin wadda ake yi wa na goye. Leɓunan tsohuwar suka motsa, ta bi waƙar har ƙarshe ba ta rasa kalma ba. Na tambaya wa ya koya mata. Aka ce matar wani mai bishara ce, tun tana 'yar ƙanƙanuwa. Ba wanda ya tuna sunan matar a ɗakin, amma Allah ya san shi.

Baba da ya ja ni gefe, rufin za mu gyara shi, mai bishara kuma dole mu biya shi haƙƙinsa. Amma wanda zai zauna a ƙarƙashin rufin nan da shekara talatin, yana can gindin bishiya yanzu. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka karɓi yabo daga bakin masu shan mama, ka gafarta mana sakacinmu. Ka albarkaci hannuwan da ke renon 'ya'yanmu, ka sa gaskiya a bakinsu. Ka kiyaye ƙauyukanmu da maƙwabtanmu a wannan gefe da wancan gefen iyaka, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.